A Dawo da Tagar Saman Ƙofa a Gine-ginen Illela

Wanda ya shigo Illela ta hanyar Sakkwato ya miƙe zuwa bakin iyaka zai ga garin yana ta yaɗo. Jerin shaguna ne na bulo da siminti, rufin kwano na ƙyalli a rana, ƙofofin ƙarfe masu kauri sun sha fenti, kowace da kwaɗo biyu ko uku. Bayan shagunan ga ɗakunan haya a jere, ga sababbin gidajen 'yan kasuwa masu dogayen katangu. In mutum ya ɗaga kai ya dubi abin da ke tsakanin saman ƙofa da bakin kwano, a yawancin gine-ginen ba zai ga komai ba sai bulo bisa bulo. Wurin da magina na dā suke barin ƙaramar taga an toshe shi, an yi filasta, an shafa fenti.

Wannan taga ya kamata ta dawo. A garin da ke fama da zafi irin na Illela, babu wani gyara a ɗaki da ya kai ta sauƙin kuɗi, kuma babu wanda zai yi aikin da take yi a lokacin da aka fi bukata, wato sa'ad da ƙofa take kulle.

Illela na da nisan kimanin kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, tana kallon Birnin Ƙwanni na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan dubu 150, kuma ko makaho ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Kasuwar Lahadi na jawo fatake da dillalan shanu da raƙuma da tumaki daga ɓangarorin iyaka biyu, da masu hatsi da albasa da direbobin manyan motoci. Duk waɗannan suna neman wurin kwana da wurin ajiyar kaya, shi ya sa ɗakin haya da shago suka zama jarin da ba ya kwantai. Mai fili yana so ya fitar da ɗakuna da yawa daga ɗan wuri, sai ya jera su baya da baya, bango ɗaya ya raba biyu. Irin wannan ɗaki fuska ɗaya tak yake da ita zuwa waje. A fuskar nan akwai ƙofa, wani lokaci da taga guda a gefenta, wani lokaci ma babu.

A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40. Kwano yana ɗaukar zafin ya sauke shi cikin ɗaki, bulon siminti kuma ya wuni yana sha, in dare ya yi ya dinga amayarwa. Shi ya sa ƙarfe goma na dare za ka tarar waje ya fara sanyi amma ɗaki na nan da zafinsa, bango in ka dafa shi da ɗumi. Iskar da ta yi zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka sama take hawa ta taru a ƙarƙashin silin. In ta sami kafa a can sama sai ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. In ba ta samu ba, nan za ta kwana tare da masu ɗakin. Tagar da ke daidai ƙirjin mutum ba ta iya kwashe wannan zafi na sama, domin yana bisa da ita. Fanka ma, ranar da aka yi sa'ar wuta, juya iskar ɗakin kawai take yi, ba ta fitar da ita.

Manoman yankin sun san wannan ilimi sarai. Daga fadamun Sakkwato har zuwa Galmi, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma, ba wanda zai zuba albasa a ɗakin da ba ya shan iska ya kulle. Rudu ake yi mata, a ɗaga ta daga ƙasa, a kewaye ta da kara da ciyawa yadda iska za ta ratsa, don an san in ta rasa iska ruɓewa za ta yi. Mutumin da ya yi wa albasarsa wannan tanadi, shi ne kuma zai kwantar da 'ya'yansa biyar a ɗakin da babu mafitar iska in an turo ƙofa.

A dā bazara ba ta zama matsalar ɗaki ba sosai, domin ba a ɗaki ake kwana ba. Mata da yara su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, samari su kwana a ƙofar gida ko dandali, baƙin kasuwa su miƙe a gindin rumfa. Rashin tsaron da ya addabi gabashin jihar Sakkwato a 'yan shekarun nan ya rage wannan al'ada ƙwarai. Yanzu magidanci da yawa ba ya samun barci sai ya ga kowa ya shige, an danna sakata. Tagar gefe ma rufe ta ake yi, don tana daidai hannun mai leƙe da mai zura hannu. Ke nan a daren da ya fi kowane zafi, an toshe duk wata kafa. Taga guda da za a bari a buɗe har asuba ba tare da fargaba ba ita ce wadda ke sama da ƙafa bakwai daga ƙasa, wadda faɗinta bai isa mutum ya shiga ba, an kuma gitta mata ƙarfe.

Haka batun sutura yake. Gidan Bahaushe an tsara shi ne don kare mutuncin iyali: zaure a gaba, sannan shigifa, sannan cikin gida. Yawancin dalilin da ya sa ake ƙin manyan tagogi a bangon da ke kallon titi ke nan, kuma dalili ne mai ƙarfi. Tagar saman ƙofa ba ta karya wannan ƙa'ida. Mai wucewa ba ya ganin komai ta cikinta sai silin.

Kada a ɗauka baƙon abu ne. Maginan ƙasa na gargajiya suna barin 'yan ƙananan kafofi a can saman bangon soro da zaure, su kuma ɗaga rufi da bakan gizo da azara ta giginya yadda zafi zai sami wurin hawa nesa da kan mutane. Bangon tubali mai kauri yana jinkirta shigowar zafin rana har sai dare ya raba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shaida ne kan inda wannan fasaha ta kai. Nan kusa ma, a ƙauyen Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Gaskiya ne ɗakunan dā da yawa suna da duhu, kuma ba wanda ke cewa a koma musu yadda suke. Abin da ya faru shi ne an bar ginin ƙasa an koma bulo da kwano, aka rasa kaurin bango da tsawon rufi, ba a kuma kawo wata dabara ta maye gurbinsu ba. Tsofaffin ofisoshin gwamnati da azuzuwa da gidajen ma'aikata na zamanin Turawa da farkon 'yancin kai sun fi kula da wannan: rufinsu dogo, ga baranda, kuma sau da yawa ga gilashin luba ko katako mai tsaga-tsaga a saman ƙofa. An gina su ne da sanin cewa babu na'urar sanyaya ɗaki da za ta cece su.

Sauran duniya ma ta daɗe da sanin wannan taga. Ƙofar fadar firaministan Birtaniya da ake nunawa a talabijin, mai lamba 10 a titin Downing, tana da gilashi mai siffar rabin da'ira a samanta, wanda aikinsa shigar da haske cikin zaure. A Japan akwai sassaƙaƙƙen katako mai huda-huda da ake sawa a saman ƙofofin da ke raba ɗakuna don iska da haske su ratsa. A tsohon birnin San'a na Yaman gidaje na da ƙamariyya, gilashi mai launi-launi da ake ɗorawa a saman tagogi. Alhazan da suka zaga tsohuwar unguwar Jidda sun ga tagogin katako masu raga da ke barin iskar teku ta shiga ba tare da an ga matan gida ba. A birnin New York na Amurka kuwa doka ce ta shigo ciki. Gidajen hayar talakawa sun cika maƙil, ɗakunan ciki ba haske ba iska, cututtuka na ta yaɗuwa, sai dokar gidajen haya ta 1867 ta wajabta cewa ɗakin kwanan da ba shi da taga zuwa waje dole a yi masa mafitar iska a saman ƙofa, mai girman murabba'in ƙafa uku. Wato faɗin ƙofa, da tsawon ƙafa ɗaya.

Abu biyu ne suka kawar da ita a Amurka. Na farko na'urar sanyaya ɗaki, wadda Willis Carrier ya ƙirƙiro a 1902, ta kuma bazu a gidaje da ofisoshi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Na biyu gobara. A ranar 7 ga Disamba 1946 wuta ta tashi a otal ɗin Winecoff da ke Atlanta, mutum 119 suka mutu, kuma tagogin saman ƙofa da ke buɗe sun taimaka wa wuta da hayaƙi shiga ɗakuna daga lungun tsakiya. A 1958 gobarar wata makaranta a Chicago ta kashe ɗalibai 92 da malamai mata uku, inda zafi ya farfasa gilasan saman ƙofofin azuzuwa hayaƙi ya cika su. Daga nan dokokin gini suka tsananta a kan irin wannan taga a manyan benaye.

Wannan darasi ne da ya kamata a riƙe, amma a fahimce shi da kyau. Haɗarin yana ga dogon bene mai rufaffen lungu a tsakiya, inda duk ɗakuna ke buɗewa cikin lungun. Mai gina otal ko ɗakin kwanan ɗalibai mai irin wannan tsari, ya nemi shawarar masana kafin ya huda saman ƙofa. Yawancin ɗakunan Illela kuwa a ƙasa suke, ƙofarsu tana kallon tsakar gida ko baranda ko titi, don haka tagarsu sararin Allah take buɗewa. Dalili na farko ma, wato na'urar sanyaya ɗaki, bai shafi talakan Illela ba. An kwaikwayi rufaffen ɗakin masu na'urar sanyi, alhali wutar da za ta juya na'urar ba ta tsayawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kwana da janareta ya fi ƙarfin mafi yawan magidanta. Masu lantarkin hasken rana a gida sun san batirinsu fanka da ƙwan fitila yake iya ɗauka, ba na'urar sanyi ba.

Zafin kuma ba raguwa yake yi ba. A farkon Afrilun 2024, cikin watan azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5, asibitocin Bamako suka cika da waɗanda zafi ya galabaitar, tsofaffi da dama suka rasu. Illela da Kayes duk a zirin Sahel ɗaya suke. Likitoci sun nuna cewa zafin dare na da nasa haɗarin na musamman, domin jikin da ya wuni cikin rana yana bukatar 'yan sa'o'in sanyi ya farfaɗo. Jarirai da tsofaffi da masu ciki da masu hawan jini su ne suka fi shan wuya.

Ga kuma sanƙarau. Jihar Sakkwato na cikin zirin da cutar ke yawan ɓarkewa, wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha. Annobar 1996 ta kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya, ta kashe sama da dubu 11. A 2017 wani nau'in cutar ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, aka rasa rayuka fiye da dubu. Ƙwayar cutar tana bin numfashi da tari da atishawa, kuma cunkoso a ɗaki na cikin abubuwan da ke taimaka mata. Babban makami shi ne rigakafi, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar. Taga ba za ta maye gurbin allura ba. Amma duk shekara in bazara ta kama, ma'aikatan lafiya na shiga rediyo suna cewa a kwana a ɗaki mai iska, a rage cunkoso. Uwar da ke haya a ɗaki mai ƙofa ɗaya da toshasshen bango, ta ina za ta bi wannan shawara? Haka tarin fuka da ƙyanda, su ma rufaffen ɗaki suke so.

A hunturu matsalar tana juyawa. Ana shiga da kaskon gawayi ɗaki don jin ɗumi, a rufe ko'ina. Gawayin da ke ci a wurin da ba iska yana fitar da guba marar wari marar launi, wadda kan kashe mutane cikin barci. Kafa a sama tana rage taruwar gubar, ko da yake abin da ya fi shi ne a fitar da kaskon kafin a kwanta. Janareta kuwa ba a ajiye shi a ɗaki ko a lungu, kuma ba a girke shi a ƙarƙashin wannan taga, domin hayaƙinsa zai bi ta nan ya shiga.

Shaguna ma suna da nasu rabon. Shagon da aka kulle da magariba a watan Afrilu, aka buɗe da hantsi, mai shi yakan ja da baya tukuna saboda hucin da ke fitowa. A cikin wannan huci kaya suke kwana. Kwalayen magani da yawa an rubuta a jikinsu cewa a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ko 30 ba, kuma magani na iya rage ƙarfi in ya daɗe cikin zafi. Man shafawa na narkewa, batiran waya na kumbura, irin shuka na lalacewa. Tela da mai aski da mai gyaran waya kuma za su amfana da haske, domin hasken da ya shigo ta sama ya fi kaiwa ƙuryar ɗaki fiye da wanda ya shigo ta ƙasa.

Masu ƙin wannan taga suna da hujjoji uku: ƙura, sauro da ɓarawo. Duka ukun gaskiya ne, duka kuma mai walda da kafinta na iya magance su. A yi mata murfi mai maratayi, na ƙarfe ko katako ko gilashi, wanda za a tura da sanda a buɗe, a ja da igiya a rufe ranar da buji ya taso ko hadari ya haɗo da guguwa. A sa ragar sauro mai firam da za a iya cirewa a wanke, don ragar da ƙura ta toshe ba ta wuce iska. A gitta rodi mai kauri, tazara ƙanƙanuwa. In ƙofa tana kallon gabas, inda ruwan damina ya fi bugowa, a bar kwano ya zarce ya yi mata rumfa. Wanda ba shi da halin duk wannan, fansin bulo mai huda-huda guda biyu ko huɗu da raga a bayansa ya fi babu nesa ba kusa ba.

Kuɗin ba wani abu ba ne in an tsara tun farko. Ƙofar ɗaki faɗinta kamar ƙafa uku ne, tsawonta bakwai. Bulo ɗaya tsawonsa inci 18, tsayinsa inci 9. Ke nan barin layi biyu a saman ƙofa ya rage wa mai gini bulo huɗu da simintinsu, ya ba shi kafa mai tsayin ƙafa ɗaya da rabi. Mai walda sai ya ƙera firam ɗin ƙofa da na taga a haɗe, birkila ya ɗaga linta ya zuba ta a saman duka biyun. Sharaɗi shi ne silin ya kasance sama da tagar, abin da ke nufin a daina rage layin bulo don tsimi, a kuma daina sauke silin ɗin ado har ya kusa taɓa kai. Aikin ya fi kyau in akwai wata kafa a bango na daban, ko da ƙarama ce, don iska ta shiga nan ta fita can. A ɗakunan baya da baya inda hakan ba ya yiwuwa, 'yan tsage-tsage a ƙasan ƙofar ƙarfe za su zama mashiga, tagar sama ta zama mafita. Tsohon ɗaki ma ana iya huda shi a saman linta, amma sai magini ya duba abin da ke ɗauke da rufi tukuna.

Masana gine-gine na wannan zamani a Sahel sun riga sun kama wannan hanya. Francis Kere ɗan Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga kwano sama da silin mai huda-huda yadda zafi zai tsere ta sama, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, mafi girma a fannin. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa matsattse, aka kammala a 2018, kuma iskar Allah ce ke sanyaya shi. Birkilolin Illela da na Ƙwanni na ƙetara iyaka suna aiki a garuruwan juna, don haka abin da aka yi a Dandaji bai fi ƙarfin idonsu ko hannunsu ba.

Saura wanda zai fara. Ƙaramar hukuma ita ke gina rumfuna da shagunan kasuwa tana ba da haya, za ta iya sa wannan taga cikin zanen duk shagon da za ta gina nan gaba. Hukumar tsara birane ta jiha za ta iya mayar da ita sharaɗin amincewa da zanen ɗakunan haya, kamar yadda New York ta yi shekara fiye da 150 da suka wuce. Masu ba da kwangilar azuzuwa da ɗakunan shan magani su rubuta ta cikin takardar aiki, haka kwamitocin masallatai da makarantun allo da Islamiyyu, inda yara da yawa ke kwana ko karatu a ɗaki ɗaya. Amma mafi yawan gine-ginen Illela ba sa bi ta teburin wani jami'i. Mai gida ne da birkila da mai walda ke tsayawa a fili su yanke shawara da baki, kuma galibi abin da mai walda ya jingine a ƙofar shagonsa shi ake saye. In shugabannin masu walda da na magina a garin suka amince kowane shago ya ajiye samfurin ƙofa mai haɗe da taga, da ragarta da murfinta, aka kuma rubuta farashinta kusa da na ƙofar da aka saba, masu ginin da ke zuba harsashi bana za su ga bambancin kuɗin da idonsu kafin a kai linta.